An kira mu taron jin ra'ayi kan titunan unguwarmu: mu je, ko ɓata lokaci ne?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban unguwarmu a nan Kano. Mai unguwa ya sanar da mu cewa nan da mako uku jami'an gwamnati za su zo su ji ra'ayin jama'a kan sabon tsarin zirga-zirga. Abin da muka ji shi ne za a faɗaɗa babban titinmu ya koma tagwaye da shinge a tsakiya, a mayar da layuka biyu hannu ɗaya, a kuma ɗauke tashar 'yan adaidaita sahu daga bakin kasuwa. Wasu dattawa sun ce an riga an gama magana, taron na ɗaukar hoto ne kawai. Matasa kuma sun ce mu je mu ce ba mu yarda ba gaba ɗaya. Shin irin wannan taro yana canza wani abu? In yana canzawa, da me za mu je?"

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. In na fahimce ka, abu biyu kake son sani: ko bakinku zai yi tasiri, da kuma abin da ya kamata bakin ya faɗa. Aikina tsara birane ne, na zauna a irin wannan taro ina cikin masu riƙe da taswira, na kuma zauna ina cikin 'yan unguwa. Ku je. Amma kada ku je da "mun yarda" ko "ba mu yarda ba". Ku fara gano matakin da aikin ya kai da abin da har yanzu ake iya taɓawa, sannan ku zuba ƙarfinku a nan.

Dattawanku ba su yi ƙarya ba, domin sun ga jiya. A watan Janairun 2013, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, aka wayi gari an hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin birnin Kano. Dalilin tsaro ne, ba wanda ya tsaya jin ra'ayi, kuma wannan shawara guda ce ta sa adaidaita sahu, wanda gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta shigo da shi a 2005 musamman don mata, ya zama abin hawan kowa. Gadojin da suka sauya fuskar gari, daga ta Ƙofar Nasarawa zuwa ta Dangi da ta Hotoro, akwai masu shaguna da gidaje a gefensu waɗanda a rediyo suka fara jin labari. Wanda ya rayu da wannan, ba laifinsa ba ne in ya ɗauka taro al'ada ce kawai.

Sai dai akwai ɗaya gefen, kuma hukumomi sun san shi ko ba su faɗa ba. A watan Fabrairun 2021 'yan adaidaita sahu suka ajiye aiki saboda harajin naira 100 na kullum, a watan Janairun 2022 suka sake ajiyewa kan kuɗin sabunta rajista, kowa ya ga yadda ɗalibai da 'yan kasuwa suka koma takawa a ƙasa. A ƙarshen Nuwamban 2022 aka sanar da hana adaidaita bin wasu manyan tituna, ba a je ko'ina ba aka dakatar da dokar, saboda motocin da aka ce za su maye gurbinsu ba su isa ɗaukar jama'ar ba. A Legas kuwa, lokacin da hukumar sufuri ta LAMATA ta buɗe layin bas na BRT, wato bas mai bin keɓaɓɓiyar hanyarsa a kan titi, daga Mile 12 zuwa CMS a watan Maris na 2008, sai da ta jawo ƙungiyar direbobi ta NURTW cikin tafiyar har aka ba ta gudanar da motocin, don an san in an bar su a waje za su iya kashe tsarin. Jami'in da ya san aikinsa yana tsoron tsarin da zai rushe ranar farko, wannan tsoron kuma shi ne ƙofar da za ku shiga.

Aikin ya kai ina?

Tsarin titi kamar ɗinki yake. Kafin tela ya sa almakashi za ka iya ce masa babbar riga kake so ba kaftani ba. Da ya yanka, sai dai maganar aljihu da tsawon hannu. Ranar da ya miƙo maka a leda kuwa, aikin gama ya gama.

A aikace matakan su ne: ana fara da tunanin abin da ake so, sai zanen farko wanda ke nuna layin titi da faɗinsa, sai cikakken zane mai ɗauke da magudanai da mahaɗu da lissafin kuɗi, sai bayar da kwangila, sai shigowar katafila. Kafin ranar taro, ku roƙi mai unguwa ko kansilanku ya samo muku amsar tambayoyi kaɗan. An sa aikin a kasafin kuɗin bana? An bayar da kwangila? Safiyo sun zo sun yi awo, an shafa jan fenti a gine-gine? Kuɗin na jiha ne, na tarayya, ko rancen wani banki na ƙasa da ƙasa? In an riga an ba ɗan kwangila kuɗin somin aiki, batun a fasa faɗaɗa titin ihu ne bayan hari, kuma matasanku za su ƙare lokacin taron kan abin da mutumin da ke gabansu ba shi da ikon canzawa. Sau da yawa wanda aka turo ɗin injiniya ne ko ma'aikacin kamfanin ba da shawara, ba shi ya yanke hukuncin ba.

Amma ko a wannan mataki, abubuwan da suka fi taɓa rayuwarku ta kullum a buɗe suke, domin ba su da tsada idan aka kwatanta da kwalta: inda za a bar ƙofa a shingen tsakiya, inda za a sa wurin tsallakawa, tsayin kwata da yadda za a rufe ta a ƙofar gidaje, inda adaidaita zai tsaya, da wane layi ne zai shiga wane ne zai fita. Layukan hannu ɗaya ma ba gini ba ne, allo ne da jami'in KAROTA, hukumar kula da zirga-zirga ta Kano, ana iya juya su ko a gwada su na ɗan lokaci.

Tambayar tushen kuɗi tana da amfani na musamman. Idan akwai kuɗin Bankin Duniya a ciki, ƙa'idojinsa na muhalli da zamantakewa da suka fara aiki a 2018 sun wajabta tuntuɓar waɗanda aikin ya shafa tun daga farko har ƙarshe, da buɗe hanyar shigar da koke, kuma suna la'akari da mai tebur da ɗan haya da za su rasa abin yi ko da ba su da takardar fili. A dokokinmu na gida, dokar tsara birane ta 1992 ta tanadi a baje daftarin tsari jama'a su gani su kawo ƙorafi a rubuce, dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta wannan shekarar ita ma ta tanadi baje rahoto ga manyan ayyuka. Gaskiyar magana, aiwatar da su a jihohi da rauni yake, kuma ƙaramin titin unguwa ba lallai ya faɗa ƙarƙashinsu ba. Duk da haka, wanda ya ambace su cikin ladabi a takarda ana yi masa wani irin kallo dabam.

Abin da kuka sani wanda ba ya cikin taswira

A nan ƙarfinku yake, kuma a nan zan daɗe. Yadda muke tattara bayanai kafin zana titi shi ne mu ajiye matasa a mahaɗa su ƙirga ababen hawa, galibi da safe lokacin fita aiki da yamma lokacin tashi, a ranakun mako. Wannan ƙidaya tana ganin mota da adaidaita da tirela. Ba ta cika ganin mai tafiya a ƙasa ba, in ma ta gan shi, wanda ke bin gefen titi take gani, ba wanda ke ƙetarawa ba. Alhali a unguwa irin taku, yawancin tafiyar jama'a ƙetarawa ce: gida yana nan, masallaci, famfo, injin markaɗe, kyamis da makarantar yara suna can. Titin da yake hannu biyu ba shinge, tsohuwa na iya ƙetare shi a ko'ina. Ranar da ya zama tagwaye da kankare a tsakiya, unguwa ta rabu biyu, motoci kuma sun ƙara gudu domin titi ya yi faɗi ya yi santsi.

Batun gudu ba ƙaramin abu ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana ba da shawarar kada gudu ya wuce kilomita 30 a awa a wuraren da mutane da motoci ke cakuɗuwa, saboda wanda mota ta buge a wannan gudun yana da kyakkyawar damar rayuwa, damar kuma tana faɗuwa da sauri da zarar gudun ya haura zuwa 50. Don haka idan aka ce muku za a sa gadar tsallakawa guda ɗaya an gama da ku, kada ku yi saurin tafi. Kowa ya ga gadojin da ke tsaye ba kowa a kansu, mutane suna haura shinge a ƙarƙashi. Ba taurin kai ba ne kawai. Ɗan garuwa da kurarsa ba zai hau matakala ba, haka gurgu mai keke, haka mai juna biyu da kaya a ka, haka masu ɗauke da makara. A titin unguwa, wurin tsallakawa a ƙasa wanda aka ɗan ɗaga shi ya zama tudun rage gudu, da wurin tsayawa a tsakiyar shinge, ya fi gada amfani kuma ya fi ta arha nesa ba kusa ba.

Abin da nake ba ƙungiyoyi shawara shi ne su yi tasu taswirar. Ba sai kun nemi gwani ba. Ku samu babban kwali, ko ku buga hoton unguwar daga Google Maps, ku zana titin da layukan da ke shigarsa. Ku sa alama a inda yaran firamare ke ƙetarawa da safe, da inda 'yan Islamiyya ke ƙetarawa da yamma, wanda yawanci ba wuri ɗaya ba ne kuma na yamman ya fi haɗari domin ya yi daidai da tashin kasuwa da dushewar haske. Ku nuna hanyar da ake bi da gawa zuwa maƙabarta. Ku nuna inda sahun sallar Juma'a ke fitowa kan titi. Ku nuna inda ruwa ke kwanciya a watan Agusta da inda yake fita, domin sabon titi kusan kullum ya fi tsohon tudu, in ba a lura ba ruwan da da yake bin titi zai koma zaurukanku. Ku nuna inda aka taɓa buge mutum, da lokacin. Ku tura matasan nan masu zafin jini su tsaya a wurare biyu ko uku su ƙirga masu ƙetarawa na awa ɗaya, su ɗauki bidiyo da waya. Injiniya yana iya musu da ra'ayi, amma da wuya ya yi musu da ƙidaya da hoto, kuma kun ba shi abin da zai kare kansa da shi gaban shugabansa in ya nemi a gyara zane.

Na taɓa aiki a wata unguwa inda zanen ya sa ƙofar shinge a gaban gidan mai, saboda can ne ƙidayar motoci ta nuna ana yawan juyawa. Wani ladani ne ya tashi ya ce duk jana'izar ɓangaren gabas ta wani lungu take fitowa, in aka toshe shi sai an zagaya da makara tafiya mai nisa a gefen manyan motoci. Babu ɗaya daga cikinmu da ya san da lungun. An ƙara ƙofar masu tafiya a ƙasa a wurin, kuɗinta bai taka kara ya karya ba.

Kan tashar adaidaita, ga abin da na gani a wurare da yawa: ba hukuma ke zaɓar inda tasha take ba, fasinja ke zaɓa. Matar da ta fito daga kasuwa da buhu ba za ta yi tafiyar mita 300 zuwa sabuwar tasha ba, za ta tsaya a bakin ƙofa ta ɗaga hannu, ɗan adaidaita kuma zai tsaya. Sakamakon shi ne cunkoson yana nan, an ƙara masa kame da tara da guje-guje. Abin da ya fi dacewa ku nema shi ne a shigar da wurin tsayawa cikin zanen, wato a ɗan yanka gefen titi kusa da ƙofar kasuwa inda 'yan kaɗan za su sauke su ɗauka, sauran su yi layi a wani fili na kusa. Wannan ba zai yiwu ba sai shugabannin 'yan adaidaitan tashar suna cikin maganar, domin su za su tsare layin. Ku zauna da su kafin taro, da 'yan tebur da masu shayi da ke cin abinci a gefen tashar.

Hannu ɗaya kuma yana da fuska biyu. Yana rage cakuɗewa a layi mai ƙunci, amma yana tsawaita tafiya, yana ƙara kuɗin adaidaita ga mazauna ƙarshen layin, yana ƙara gudu, kuma masu babur za su ci gaba da shiga ta baya in zagayen ya yi nisa, wanda ya fi haɗari domin yaro ɓangare ɗaya zai duba. Ku nemi a gwada na wata biyu ko uku da alluna da ganguna kafin a tabbatar, a kuma sa ranar da za a dawo a ji yadda ta kaya.

Su wa za su yi magana

Taron unguwa a ƙasar Hausa mun san yadda yake. Dagaci da limamai da masu hali a gaba, a yi addu'a, a yi jawabin godiya ga gwamnati, mutum uku su yi magana, a rufe. Waɗanda suka fi magana masu mota ne, damuwarsu kuma inda za su juya da inda za su ajiye. Waɗanda titin zai fi shafa, mata da yara da tsofaffi da masu lalura ta musamman, ko ba sa wurin ko suna baya ba za su ɗaga murya gaban manya ba. Wannan ba laifin jami'ai ba ne kaɗai, kuma gyaransa a hannunku yake. Ku roƙi malamar Islamiyyar matan aure ta tattara ra'ayinsu a aji, ko ku buɗe musu hanyar aiko da saƙon murya ta WhatsApp ga wata da suka amince da ita. Ku tambayi shugaban makarantar firamare. Ku tambayi ungozoma ko ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi ta ina ake fita da mai naƙuda da dare. In za ku iya, ku nemi jami'an su yi zama na biyu da mata kaɗai, masu aikin da kuɗin waje ke ciki ma sun saba da hakan.

Sannan ku daidaita bakinku tun a gida. Ba abin da ke sauƙaƙa wa jami'i watsar da ku kamar ya ga mai shago yana cewa a bar tasha, maƙwabcinsa yana cewa a kore ta. Saɓanin gaskiya ne, ba za ku iya share shi ba, amma gara ku yi gardamar a zauren mai unguwa ku fito da buƙatu huɗu ko biyar da kowa zai iya zama da su. Ku jera su bisa muhimmanci, ku san wacce za ku iya sadaukarwa. Ku girmama dagaci da hakimi ta hanyar kai musu takardar kafin ranar, kada su fara jin ta a bainar jama'a. In suka ɗauke ta tasu, ta samu ƙafa.

A ranar taron, ku nemi a buɗe zanen a gabanku, a yi bayaninsa da Hausa, a faɗi faɗin titin da mita daga tsakiya zuwa kowane gefe, domin wannan lambar ce ke gaya wa kowa ko katangarsa za ta tsira. Ku yi tambaya kai tsaye: me aka riga aka yanke, me ya rage a buɗe? Ku lura da takardar da ake zagayawa da ita a sa hannu, ku karanta kanta, ku tabbatar ta halarta ce ba ta amincewa ba. Ku miƙa takardarku, a buga muku hatimin karɓa a kan kwafinku da kwanan wata, ku kai wani kwafin ofishin hukumar da na ɗan majalisar jiha mai wakiltarku. Kai ma a matsayinka na sakatare ka rubuta abin da aka faɗa da wanda ya faɗa. Kafin a tashi ku nemi suna da ofishin wanda zai ba ku amsa, da lokacin da za a dawo a nuna muku abin da aka karɓa da abin da aka ƙi da dalili. Taron da ba shi da wannan dawowar, shi ne wanda dattawanku ke nufi. In makonni suka wuce shiru, gidajen rediyon Kano suna da shirye-shiryen koke da jami'ai ke saurare, amma ku ajiye wannan sai an ƙi amsa takarda, kada ku fara da shi.

Inda shawarata ta tsaya

Ban ga zanenku ba, don haka ba zan ce faɗaɗawar ta dace ko ba ta dace ba. Akwai titunan da suke ɗauke da zirga-zirgar gari gaba ɗaya, a nan bukatar unguwa ɗaya ba za ta rinjayi ta miliyoyin masu wucewa ba, sai dai a rage muku cutarwa. Akwai kuma waɗanda cunkosonsu wuri ɗaya ne, bakin kasuwa ko wata mahaɗa, inda gyaran tasha da hana ajiye motoci zai yi abin da faɗaɗawa za ta yi ba tare da rushe gida ko ɗaya ba. In naku irin na biyun ne kuma ba a bayar da kwangila ba, ya dace ku tambaya ko an duba wannan zaɓin. Ku sani kuma taro mai kyau ba ya hana wani babba ya soke abin da aka amince a kai, takardarku mai hatimi ita ce abin da za ku riƙe in haka ta faru.

Maganar diyya fanni ne na lauyoyi da masu kimanta kadara, ku neme su da wuri. Abin da zan iya faɗa shi ne dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba gwamna ikon karɓar fili don amfanin jama'a, diyyar da ta tanada kuma ta abin da aka gina ko aka shuka a kai ce, ba ta darajar filin a kasuwa ba, shi ya sa mutane ke ganin an ba su kaɗan. Duk wanda gidansa ko shagonsa ke bakin titi ya ɗauki hotonsa ciki da waje tun yanzu, ya tattara takardunsa, ya kasance a wurin ranar da masu kimantawa za su zo, kada ya bar wa yaro.

Abu na ƙarshe da ake mantawa a taro shi ne lokacin aikin kansa, wanda kan ɗauki shekara ko fiye. Ku tambaya ta wane layi za a karkatar da motoci, domin tirelolin da aka kora cikin lungu suna fasa kwatoci da bututun ruwa, kuma ba a cika sa gyaransu cikin kwangila ba sai an nema. Ku nemi a rubuta cewa za a riƙa yayyafa ruwa saboda ƙura, za a sa katako ko kankare a ƙofar gidaje da masallatai idan an haƙa kwata, ba za a bar rami a buɗe ba shinge da damina, kuma za a gyara layukan da aka karkatar da motoci cikinsu kafin ɗan kwangila ya kwashe kayansa.